Ƙarhin dattijo yana komowa in an neme shi

A ƙasar Hausa, yaro mai tarbiyya ba ya barin babba da kaya. In ya hangi dattijo da dami bisa kai, sai ya sheƙo ya ce: «Baba, kawo in kai maka.» In tsohuwa ta kama igiyar guga, sai jikanyarta ta ce: «Kaka, koma inuwa, ni zan ja.» Wannan hali ne na kirki, ba wanda yake so ya ɓace.

Amma akwai abin da ya kamata kowane gida ya sani. Dattijon da aka raba da kowane irin nauyi, ƙarhinshi yana zuba da sauri. Yau an karɓe mashi hauya, gobe an karɓe mashi guga, jibi sai an kama shi kahin ya tashi daga tabarma. Mutane su ce tsufa ne. Gaskiya ne tsufa yana da nashi kaso. Zama wuri guda ma yana da nashi kaso, kuma shi wannan yana da magani. Likitocin ƙasashe da dama sun gwada, sun ga jikin mutum yana ƙara ƙarhi in ya saba ɗaga nauyi, ko da shekarunshi sun kai 90.

YADDA ƘARHI YAKE ZUBA

Abin da ke ɗaga jikin mutum shi ne tsoka, wato jan naman da ke manne da ƙashi a cinya, da baya, da kafaɗa, da damtse. Tsoka tana da hali guda: in ana sa ta aiki sai ta cika, in an bar ta sai ta motse. Duk wanda ya taɓa karyewa ya ga haka. Ranar da maɗori ya kwance ɗori, za a tarar hannun ya rame, bai kai ɗan'uwanshi ba, alhali tuwo guda suka ci.

Masana sun auna. Daga shekara 30, tsoka tana raguwa kaɗan-kaɗan, kamar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara 10. Bayan shekara 60 raguwar tana ƙara sauri. Kwanciya kuma tana ƙara mata gudu. A Amurka an taɓa kwantar da wasu dattawa masu lahiya bisa gado kwana 10, da yardarsu, don a ga abin da kwanciya take yi ma jiki. An bayyana sakamakon a 2007. Da suka tashi, an tarar tsokar ƙafahunsu ta ragu da kusan kilo 1 ga mutum guda. Ke nan dattijon da zazzaɓi ya kwantar sati biyu, ko ya warke, akwai bashin ƙarhi da ya rage a biya.

Raunin cinya shi ke fara nunawa. Tashi daga tabarma ya zama aiki. Tsugunno a makewayi ya zama aiki. Ɗagowa daga sujada sai an dafa ƙasa. Hawan jaki ko amalanke sai an taimaka. Daga nan sai faɗuwa. Ƙungiyar lahiya ta duniya, wadda ake kira O.M.S., ta ba da lissahi a 2021 cewa kowace shekara kusan mutum dubu 684 suna mutuwa sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka wuce shekara 60 ne abin ya hi kashewa. Tsohuwar da ta faɗi ta karye a ƙugu, a ƙauyen da ke nesa da asibiti, sau da yawa ba ta sake takawa. Ita ta wahala, mai jinyarta kuma ta bar gona.

ABIN DA YA FARU A BOSTON

Da can likitoci da kansu suna tsoron ba dattawa nauyi. Shawararsu ita ce tsoho ya yi ɗan yawo, ya miƙe gaɓoɓi, shi ke nan. Abin da ya canza wannan ra'ayi ya faru a Boston, wani babban birni na Amurka.

A birnin akwai wani gida inda ake kula da dattawan da ƙarhinsu ya ƙare. Wata lokotoro mai suna Mariya Fiyataron da abokan aikinta suka samu mutum 10 na gidan, maza da mata, waɗanda suka yarda a gwada da su. Ƙaraminsu yana da shekara 86, babbansu 96. Suna fama da ciwon gaɓoɓi, ko ciwon zuciya, ko hawan jini. Da yawansu sai da abin dogarawa suke tahiya.

Ga yadda aka yi. Mutum ya zamna bisa wata kujera. A ɗaura mashi igiya a idon sawu. Igiyar ta bi ta kan wani abu mai juyawa irin na bakin rijiya, an rataya mata ƙarafa. In mutum ya miƙe gwiwa, ƙarafan su tashi. Da farko aka auna iyakar nauyin da kowa yake iya ɗagawa sau guda. Satin farko aka ba shi rabin wannan nauyi. Daga baya aka kai shi kashi 8 cikin 10. Ya ɗaga sau 8 sannu-sannu, ya huta, ya sake, har zagaye 3 ga kowace ƙafa. Ana yin haka kwana 3 cikin sati. Bayan kowane sati 2 a sake awo, a ƙara ma kowa ƙarhe gwargwadon ƙarhin da ya samu.

Aka yi sati 8. Mutum 9 suka kai ƙarshe. Ɗaya ya tsaya bisa hanya, don wurin da aka taɓa yi mashi aikin gwaiwa ya fara damunshi. Da aka fara, ƙafa guda tana ɗaga kamar kilo 8, wato nauyin tiya 3 na gero. Da aka gama, tana ɗaga kamar kilo 20, wato tiya 8. Aka ɗauki hoton cikin cinya, aka ga tsoka ta ƙara kauri da kashi 9 cikin 100. Mutum 2 suka daina tahiya da sanda. Cikin mutum 3 da ba su iya tashi daga kujera sai sun dafa, guda ya koma tashi ba dafawa. An bayyana wannan aiki a 1990.

Akwai darasi na biyu. Bayan an tsai da horon, dattawan suka koma zamansu na da. Cikin sati 4 kacal, kusan kashi 1 cikin 3 na ƙarhin ya zube. Ƙarhin jiki kamar gona yake, in an daina nome ta, haki ya komo.

MUTUM 100

Wasu suka ce mutum 10 sun yi kaɗan a kafa hujja da su. Sai lokotoron da jama'arta suka sake gwaji da mutum 100, mata 63 da maza 37, masu shekara 72 zuwa 98. Aka raba su kashi 4. Kashi na farko suna ɗaga nauyi. Na biyu ana ba su wani abin sha mai gina jiki. Na uku suna samun duka biyu. Na huɗu ba nauyi, ba abin sha mai gina jiki.

Bayan sati 10, ƙarhin masu ɗaga nauyi ya ninka, har da ɗoriya. Tahiyarsu ta ƙara sauri, hawan matakala ya yi masu sauƙi. Waɗanda ba su ɗaga nauyi ba, ƙarhinsu ya tsaya kusan inda yake. Abin sha shi kaɗai bai ƙara ma kowa ƙarhi ba. Wannan sakamako ya hito a 1994.

MATA DA ƘASHI

Nauyi yana yi ma ƙashi amfani kamar yadda yake yi ma tsoka. In haila ta ɗauke ma mace, ƙashinta yana fara rauni daga ciki, kamar iccen da gara ta shiga. Daga waje ba a ganin komi, sai ranar da ƙaramar faɗuwa ta kawo karaya. Shi ya sa ake ganin wasu tsohin mata sun ranƙwafa.

A ƙasar Ostiraliya, wata malamar jami'a mai suna Belinda Bek da ɗalibanta suka tara mata 101 waɗanda awo ya nuna ƙashinsu ya yi rauni. Shekarunsu wajen 65. Aka raba su biyu. Rabi suna ɗan motsa jiki a gida, ba nauyi mai yawa. Rabi suna zuwa wurin horo sau 2 cikin sati, minti 30 kowane zuwa, da malami tsaye a kansu. Watan farko koyon motsi kawai suka yi, da ɗan ƙaramin nauyi. Daga baya suka shiga ɗaga ƙarhe mai nauyi daga ƙasa, da tsugunnawa da shi bisa kafaɗa, da tura shi sama.

Bayan wata 8, ƙashin bayan masu ɗaga nauyi ya ƙara ƙwari da kusan kashi 3 cikin 100. Na waɗanda suka tsaya gida ya ragu da kashi 1 da ɗan wani abu. Ba wadda ta karye. Mace guda ce bayanta ya ɗan riƙe, kuma ta ci gaba da horon. An buga wannan labari a 2018.

BA A FAHE GORA RANAR TAHIYA

Mutanen ƙasar Danmak sun duba wata tambaya dabam: ƙarhin da aka samu yana daɗewa? A birnin Kopenhagen aka ɗauki mutum 451 waɗanda suka kai shekarun barin aiki, masu lahiya, masu zirga-zirgarsu. Aka raba su uku. Wasu suka yi shekara guda suna ɗaga nauyi mai yawa, sau 3 cikin sati. Wasu suka yi horo mai sauƙi. Wasu aka bar su da harkarsu ta kullum.

Shekara 4 bayan farawa, mutum 369 suka komo aka auna su. A lokacin shekarunsu wajen 71. Masu nauyi mai yawa, ƙarhin ƙafahunsu yana nan kamar ranar da aka fara. Sauran kashi biyun, nasu ya ragu. An bayyana haka a 2024.

Bambancin Boston da Danmak a hili yake. Dattawan Boston sun tsufa ƙwarai, horon wata 2 kawai suka samu, kuma suka koma zama. Na Danmak sun fara da sauran ƙarhinsu, sun daɗe suna yi, kuma suka ci gaba da kai-da-kawowa. Wanda ya fara yana da shekara 55 ko 60 ya cika rumbu tun da sauran lokaci. Wanda ya kai 85 ma bai makara ba, amma shi ba ya da halin tsayawa.

WAHALA DABAM, HORO DABAM

Manomi zai iya cewa: «Wannan zance na mutanen birni ne, masu zama ofis. Mu nan kullum cikin nauyi muke.» Akwai gaskiya a ciki. Noma, da daka, da jan ruwa, da ɗaukar dami suna riƙe ƙarhin jiki. Dattijon da ke iya yin su, kuma yana jin daɗinsu, kada a hana shi.

Amma a karkara ma akwai lokaci uku da zama yake kama mutum. Na farko shi ne rani. Daga an ɗaure gero har ruwan shuka, wata 7 ko 8, dattawa da yawa ba su da wani aiki sai hira a gindin icce. Na biyu shi ne ranar da mai gida ya miƙa ma ƴaƴanshi gandu, ko makiyayi ya miƙa masu sanda, ko uwar gida ta samu surukai suka karɓi turmi. Na uku shi ne bayan jinya.

Akwai kuma ɗaya gehen. A garuruwan da samari suka tahi ci-rani, aiki yana koma ma dattawa. Tsohuwa ta yi tahiyar awa biyu da icce bisa kai, cikin rana, ciki ba komi. Wannan wahala ce, tana cin wuya da baya da gwiwa, kuma ya kamata a sauƙaƙe mata ita.

Horo kuwa nauyi ne da aka auna daidai da mai shi. A ɗaga shi ɗan lokaci, a huta, a ci abinci, a yi barci. Cikin hutun nan ne tsoka take gyara kanta ta ƙara kauri. Masu shanun noma sun san wannan. Ba a ɗaura ma sabon bijimi garma ranar farko. Ana fara saba mashi da karkiya, sannan ya ja ƙaramin gungume, sannan babba, ana ba shi harawa da hutu. Bijimin da ya kwana rani a turke ba aiki kuwa, ranar ruwan farko sai ya gaji tun da hantsi.

NAUYIN DA KE CIKIN GIDA

Ba sai an sayo ƙarafan Turawa ba. Tsoka ba ta san ƙarhe da ruwa ba, nauyi kawai ta sani. Litar 1 ta ruwa kilo 1 ce. Ke nan bido mai litar 5 kilo 5 ne, mai litar 10 kilo 10, mai litar 20 kilo 20. Amfanin ruwa shi ne ana iya ƙara shi kaɗan-kaɗan, kwano guda yau, kwano guda wani sati. Tiyar gero kamar kilo 2 da rabi ce. Ƙaramin buhu mai tiya 2 kilo 5 ne, mai tiya 4 kilo 10. Ana iya zuba rairai a buhu a ɗinke baki, a kai ma mai ma'auni a kasuwa ya auna, a rubuta nauyin a jikin buhun.

MOTSI BIYAR

1. Tashi da zamnawa. A samu kujera mai ƙwari, ko dakali, mai tsawo daidai gwiwa. In kujera ce a jingina ta da bango. Mutum ya zamna, ya buɗe ƙafahu daidai faɗin kafaɗa, ya rungume hannuwa a ƙirji. Ya miƙe tsaye, sannan ya koma zamne sannu-sannu, kada ya saki jiki ya faɗa. Wanda ba ya iyawa ya fara da dafa gwiwa ko sanda. In abin ya yi sauƙi, ya rungumi buhu a ƙirji. Wannan motsi shi ne uwar sauran, don shi ke gina cinya.

2. Ɗauka daga ƙasa. A aje bido tsakanin ƙafahu, kusa da jiki. A lanƙwasa gwiwa, a tura ƙugu baya, gadon baya a miƙe. A kama bidon da hannu biyu, a tashi da ƙarhin ƙafahu. Kada a murɗa jiki da kaya a hannu. Wanda duƙawa take ba wuya, ya ɗora bidon bisa bulo don ya rage nisa.

3. Tahiya da kaya. A riƙe bido 2 masu nauyi guda, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. A yi taku 20 ko 30, kai a sama, kafaɗu a miƙe. Wannan yana ƙarfafa riƙon hannu da baya.

4. Turawa sama. A riƙe ƙaramin buhu da hannu biyu a ƙirji, a tura shi sama da kai, a sauko da shi sannu. Mai ciwon kafaɗa ya bar wannan. Ya dafa bango da hannu biyu, ya kai ƙirji kusa da bangon, ya tura kanshi baya.

5. Ja. A dafa bakin turmi da hannu guda, a ɗan duƙa, baya a miƙe. Da ɗaya hannun a jawo bido sama har ya taɓa haƙarƙari, kamar mai jan guga. A canza hannu.

Bayan waɗannan, yana da kyau dattijo ya koyi tsayuwa da ƙafa guda, yana kusa da bango ko ginshiƙin rumfa don ya dafa in ya ji zai karkata. A 2020 O.M.S. ta ba da shawara cewa wanda ya kai shekara 65 ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 cikin sati, ya yi kuma motsin da ke gyara tsayuwa da hana faɗuwa aƙalla kwana 3.

ƘA'IDOJI

A tuna cewa gwaje-gwajen Boston da Ostiraliya an yi su gaban masana. A gida ba masani tsaye, don haka sai an ƙara bi sannu. Sannu ba ta hana zuwa.

Watan farko na koyon motsi ne, da ɗan nauyi ko ba nauyi. Kada kowa ya gwada iyakar ƙarhinshi don a yaba mashi.

Nauyin da ya dace shi ne wanda mutum zai ɗaga sau 8 zuwa 10, biyun ƙarshe su ba shi wuya, amma jikinshi bai karkace ba. In yana kai sau 15 yana hira, nauyin ya yi kaɗan, a ƙara litar guda. In bai kai sau 5 ba, ya yi yawa, a rage.

Kowane motsi a yi zagaye 2 ko 3, da hutun minti 2 tsakani. Duka aikin bai wuce rabin awa ba. Kahin a fara a yi tahiyar minti 5 don jiki ya sake.

A yi kwana 2 ko 3 cikin sati, a bar aƙalla kwana guda tsakani. Mai azumin Litinin da Alhamis ya zaɓi wasu ranaku, kamar Asabar da Laraba. Cikin watan azumi a rage nauyi, a yi bayan an sha ruwa an huta.

Kada a riƙe numfashi. A hitar da iska lokacin ɗagawa, a shaƙa lokacin saukewa. Riƙe numfashi yana sa jini ya hau.

A yi da sanyin sahe ko da marece, cikin inuwa, a wuri mai daidai, ba duwatsu, ba santsi. A sha ruwa. Cikin zahin bazara a ƙara kula. Dattijo kada ya yi shi kaɗai, wani ya tsaya kusa da shi.

Tsamin jiki na kwana 1 ko 2 ba laihi ba ne, yana wucewa in jiki ya saba. Ciwo mai suka cikin gwiwa, ko baya, ko kafaɗa, alama ce ta a tsaya.

WANDA ZAI FARA GANIN LIKITA

Kahin dattijo ya fara, ya je gidan likita mahi kusa a auna mashi jini. Hawan jini yana iya zama a jikin mutum bai sani ba. Waɗannan mutane kada su taɓa nauyi sai likita ya yarda: mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai kumburin ƙafahu, mai gwaiwa ko ƙaba, mai ciwon sukari, wanda aka yi ma aikin ido ko na ciki kwanan nan, wanda ya taɓa karyewa a baya ko ƙugu, da macen da mahaifa take sauko mata. Mai zazzaɓi ko zawo ya bari sai ya warke.

In ana cikin horo mutum ya ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya yi mashi wuya, ko gani ya dushe, ya aje kaya nan take ya zamna. A kai shi likita, kada a jira gobe.

ABINCI

Gwajin Boston ya nuna abinci shi kaɗai ba ya kawo ƙarhi. Amma dattawan can suna samun abincinsu kullum. Jikin da ke jin yunwa ba ya da abin da zai gina tsoka da shi. Ba a ginin ɗaki ba laka.

Abincin da ke gina tsoka yana nan cikin gari: wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, gujjiya, nono, ƙwai, kihi, nama, da fara. Hura da nono abinci ne mai kyau ga dattijo, nono kuma yana taimakon ƙashi. Ganyen zogala ma yana da amfani. Wanda haƙoranshi suka zube, a dafa mashi wake ya nuna luɓus, a daka mashi ƙuli-ƙuli cikin miya ko kunu. Sau da yawa dattijo yana barin rabonshi na nama ga jikoki. Uwar gida ta lura, ta ware mashi nashi. Tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma aikin gona ya yi yawa, ba lokacin ƙara horo ba ne. Lokacinshi shi ne bayan kaka.

AIKIN MASU KARATU

A nan ne waɗanda suka koyi karatu da rubutu za su nuna amfanin iliminsu. A ware littahi guda. A rubuta rana, da sunan motsi, da nauyi, da sau nawa aka ɗaga. Misali: Asabar, tashi da zamnawa, kilo 5, sau 8, zagaye 2. Bayan wata 2 a buɗe shahin farko a karanta ma dattijon. Gani ya kori ji.

Akwai awo mai sauƙi da za a yi sau guda a wata. Dattijo ya zamna bisa kujera, hannuwa a ƙirji. Mai agogo ko salula ya duba daƙiƙa 30. A ƙidaya sau nawa ya tashi ya zamna. Likitocin Amurka suna amfani da wannan awo. A wurinsu, namiji mai shekara 60 zuwa 64 da bai kai sau 14 ba, ko mace da ba ta kai sau 12 ba, ƙafahunsu suna bukatar ƙarin ƙarhi. Ga mai shekara 70 zuwa 74, awon namiji sau 12 ne, na mace sau 10. Wanda bai kai ba kada ya karaya. Abin nema shi ne lissahin wata mai zuwa ya hi na wannan wata.

Aikin ya hi daɗi cikin jama'a. Dattawan unguwa 4 ko 5 suna iya haɗuwa a zaure ko bayan gari, mata kuma a cikin gida guda. Mai gari da liman in sun sa baki, ba wanda zai yi dariya. Ƙungiyoyin mata da na samari suna iya tanadin bido da buhunan rairai, su nemi ma'aikacin lahiya ya zo ya duba yadda ake yi.

Gida yana cin ribar dattijon da ke tsaye da ƙafahunshi. Yana kai kanshi masallaci da kasuwa, yana zagaya gona, yana duba garke, yana sasanta rigima. Tsohuwa mai ƙarhi tana riƙe jikoki, uwarsu ta samu zuwa gona. Kuɗin jinya da na mota zuwa asibiti su tsaya cikin gida.

Wanda ya karanta wannan labari ya karanta ma iyayenshi da kakanninshi. In an gama ɗaurin gero, a kai su awon jini, a nemo kujera mai ƙwari da bido guda, a fara da motsi na farko. Allah ya ƙara ma dattawa lahiya da nisan kwana.